Tausa ga karnukan farauta da na gadi: abin da ya kamata ku sani

Da zarar an gama kaka a Dayi ta yankin Malumfashi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, an kwashe masara da dawa, an tsince auduga, aikin kare ke kankama. Gonaki sun zama fili, ciyawa ta bushe, mafarauta sun fara fita neman zomo da gafiya da kurege da zabin daji. A gida kuma rumbuna sun cika, ga tumaki da shanun huɗa a turke. Matsalar tsaro da ta addabi kudancin Jihar Katsina a shekarun nan ta sa magidanta da yawa a yankin Malumfashi da Funtuwa ba sa raina haushin kare da tsakar dare.

Wannan dabba da ke yini tana gudu cikin ƙaya, ta kwana tana sintiri, yawanci ladanta bai wuce ragowar tuwo da ƙashi ba. Ba kasafai ake duba jikinta ba sai ranar da ta fara ɗingishi ko ta ƙi abinci, lokacin kuwa sau da yawa ciwo ya riga ya yi nisa. Akwai wani abu mai sauƙi da mai kare zai iya yi da hannunsa, ba tare da ya kashe ko sisi ba, wanda zai rage wa dabbar gajiya ya kuma tona ciwo tun yana ƙarami. Abin shi ne tausa. Ga abin da take yi, da abin da ba ta iyawa, da kuma inda take da haɗari.

Wace irin tausa ake nufi?

Ba shafar kai ta wucewa ake nufi ba. Ana nufin mai kare ya zauna na minti 5 zuwa 10, ya bi jikin karensa da tafin hannu da yatsu a tsare, daga wuya zuwa kafaɗu, zuwa gefen baya, zuwa cinyoyi, har tafin ƙafa, yana murza tsoka a hankali yana kuma lura da duk abin da hannunsa ya ci karo da shi.

A Ingila da Amurka abin ya zama sana'a, akwai masu koyonsa a makaranta, kuma asibitocin dabbobi kan haɗa shi da sauran kulawar da ake yi wa karen da aka yi wa tiyata ko wanda tsufa ya kama. Amma waɗanda suka fi kama da mafarautanmu su ne masu tseren karnuka a yankin Alaska na Amurka. A gasar Iditarod, wadda ake yi tun 1973, karnuka kan ja keken ƙanƙara tsawon kusan kilomita 1,600. Duk inda aka yada zango, masu karnukan kan bi su ɗaya bayan ɗaya suna duba tafin ƙafafunsu suna murza musu kafaɗu da wuyan ƙafa, domin sun san karen da tsokarsa ta ɗaure ba zai kai su ko'ina ba gobe.

Me take yi wa jikin kare?

Ginin jikin kare ya sha bamban da namu. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a kan ƙafafun gaba yake. Kuma babu gaɓar ƙashi da ta haɗa ƙafafun gaban da gangar jikinsa, tsoka ce zalla ke riƙe da su. Saboda haka duk lokacin da ya yi tsalle ya dira, ko ya taka burki ya yi kwana a bayan zomo, tsokar wuya da ta kafaɗu ce ke ɗaukar dukan. Ƙafafun baya kuwa su ne masu tura shi gaba, shi ya sa cinyoyi da ƙugu ke yin tsami bayan doguwar farauta. Duk manomin da ya taɓa yinin huɗa, ya dawo ya sa yaro ya tattaka masa baya, ya san irin wannan tsamin jiki da irin sauƙin da ake ji bayan an murza.

Murzawa tana ɗumama tsoka, tana ƙara gudun jini a wurin da aka taɓa, tana sassauta inda ya ɗaure. Shafa mai tafiya daga ƙasan ƙafa zuwa sama tana taimaka wa ruwan da ya taru a ƙarƙashin fata ya koma hanyarsa. Sannan akwai natsuwa: karen da ya saba da hannun ubangidansa numfashinsa kan lafa, bugun zuciyarsa ya sauka, jikinsa ya saki.

Tsofaffin karnuka sun fi kowa buƙata. Idan ciwon gaɓɓai ya kama ƙugu ko gwiwa, kare kan karkatar da nauyinsa zuwa sauran ƙafafun, sai tsokar da ke ɗaukar ƙarin kayan ita ma ta fara ciwo. Ana ganin haka sosai da safiyar hunturu, a watannin Disamba da Janairu, lokacin da tsohon kare zai tashi da ƙyar yana tafiya a sandare. Tausa ba ta mayar da guringuntsin da ya cinye, amma tana rage ciwon tsokar da ke kewaye da gaɓar, ta sa tashi da kwanciya su yi masa sauƙi.

Me masana suka gano?

A 2003 wasu masana biyu a Afirka ta Kudu, Odendaal da Meintjes, sun auna mutane da karnuka kafin su zauna tare da kuma bayan zaman, inda mutum ke shafa kare yana yi masa magana a hankali. Sun tarar hawan jinin duka biyun ya sauka, kuma sinadarin oksitosin, wanda ke da alaƙa da shaƙuwa da kwanciyar hankali, ya ƙaru a jinin mutum da na kare.

A 2021 mujallar likitocin dabbobi ta Birtaniya, Veterinary Record, ta buga wani nazari a kan karnuka fiye da 500 masu ciwon tsoka da gaɓɓai da ƙwararru suka yi wa tausa. An ba da rahoton raguwar alamun ciwo da kyautatuwar tafiya a yawancinsu. Sai dai masu tausar da masu karnukan ne suka auna sauƙin da idonsu, kuma ba a kwatanta da wani rukunin da ba a yi wa komai ba. Don haka abin da ya dace a ɗauka shi ne, tausa taimako ce ga jin daɗin jiki da rage ciwo, amma ba ta zama a madadin magani, ba ta ɗora karaya, ba ta kashe ƙwayar cuta.

Babban amfanin: hannu na gano abin da ido ya tsallake

A wurinmu wannan shi ne ribar da ta fi kowace. Kare dabba ce mai ɓoye ciwo, gashi kuma na rufe abubuwa da yawa. Wanda ke bin jikin karensa da hannu sau biyu ko uku a mako zai san yadda lafiyayyen jikin yake, ranar da wani abu ya sauya kuwa nan take zai ji.

A ɗauki tafin ƙafa. Ka ɗaga ƙafar, ka buɗa tsakanin yatsun da babban yatsanka. A can cikin lungun, inda fata ke da laushi, nan ƙarangiya da tsidau ke maƙalewa. Ranar farko ɗan ja kawai za ka gani, kare na yawan lasar wurin. Idan aka bar shi kwana uku ko huɗu sai ya kumbura ya tara mugunya, karen da ke kamo zomo ya koma tafiya da ƙafa uku. Cire ƙayar a ranar farko aikin minti ɗaya ne.

Haka kaska. Tana son cikin kunne, da bayan kunne, da wuya, da hammata, da matsematsi, da tsakanin yatsu. Ba jini kaɗai take sha ba, tana ɗauke da cututtukan da ke fasa ƙwayoyin jini su sa zazzaɓi da rama. Idan ka ji ta, ka kama ta daf da fata da hantsaki ko da tsumma, ka ja a miƙe ba tare da murɗawa ba, kada kuma ka fasa ta da farce. Daga nan ka ɗaga leɓen karen ka dubi dasashinsa. Na mai lafiya jaja-jaja yake. Idan ya yi fari fat ko ya yi rawaya, jini ya yi ƙasa ko hanta ta taɓu, sai a nemi malamin dabbobi ba tare da jinkiri ba.

Akwai kuma wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasa inda kare ke kwanciya, tsutsarsa ta huda fata ta zauna a ciki. Hannu zai ji wani ɗan tudu mai tauri kamar maruru, da ƙaramar ƙofa a tsakiya. 'Yan kwikwiyo sun fi fama da ita, musamman da damina. Idan aka toshe ƙofar da man shafawa mai kauri, tsutsar kan leƙo neman iska, sai a matse ta a hankali ta fito ɗungurungum, a wanke wurin.

Sauran abubuwan da hannu ke kamawa sun haɗa da kaluluwa a ƙarƙashin muƙamuƙi ko bayan gwiwa, da ƙari a nonon karya, da cizon wani kare da gashi ya rufe, da cinya ɗaya da ta fi ɗaya sirancewa, alamar ya daɗe yana tausaya wa wannan ƙafar. Haƙarƙari ma na ba da labari: ya kamata a ji su da ɗan dannawa, idan kuwa sun fito ana ƙirga su daga nesa, to abinci ya gaza ko tsutsar ciki ta yi yawa.

Yadda ake yi

Ka zaɓi wuri mai inuwa inda babu hayaniyar yara da sauran karnuka. Idan daga farauta aka dawo, ka bari ya sha ruwa, hakinsa ya lafa tukuna. Kada a yi masa da cikakken ciki, a ba shi kamar awa biyu bayan cin abinci.

Ka tsuguna a gefensa, kada ka sunkuyo ta saman kansa. Ka fara da doguwar shafa da tafin hannu daga bayan wuya zuwa gindin wutsiya, kana bin yadda gashi ya kwanta. Ka maimaita har ka ji jikinsa ya fara saki. Sannan ka koma wuya da kafaɗu, ka riƙa zagayawa da kan yatsu a hankali, yadda fata za ta motsa a kan tsoka. Ka gangara ta gefen ƙashin baya, hannu ɗaya a dama ɗaya a hagu, ba a kan ƙashin kansa ba. A cinyoyi ka kama tsokar da cikin hannu ka matsa ka saki. Daga nan ka bi kowace ƙafa zuwa ƙasa, ka duba tafin da farata, ka shafo zuwa sama. Ka ƙare da irin doguwar shafar da ka fara da ita.

Ƙarfi ba ya cikin aikin. Fatar kare ta fi tamu siranta, kuma karnukanmu na gida ba su da kitse mai yawa. Ba a danna maƙogwaro, ba a danna ciki, ba a murɗa gaɓa, ba a jan ƙafa da sunan miƙar da ita. Kafin fita farauta da sanyin safiya, shafa mai ɗan sauri ta minti biyu ko uku tare da ɗan tattaki ta wadatar don ɗumama jiki.

Abin ya fi kyau a fara tun kare na kwikwiyo. Wanda ya saba a taɓa masa kunne da baki da tafin ƙafa tun yana ɗan watanni biyu, ba zai ba da wahala ba ranar allura ko ranar cire ƙaya. Babban karen da bai taɓa sanin hannu ba sai dai sanda, sai an bi shi sannu: minti ɗaya yau a kafaɗa, gobe a ƙara kaɗan.

Yadda kare ke nuna ya isa

Idan yana jin daɗi zai kwanta, ya lumshe ido, ya jingino da jikinsa, numfashinsa ya yi tsawo. Idan abin bai yi masa ba, yana da matakan gargaɗi. Zai fara lasar leɓe, ko hamma ba ta barci ba, ko kau da kai. Daga nan jikinsa ya sandare, ya mayar da kunnuwa baya, farin idonsa ya bayyana, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu. Sai gurnani. Bayan gurnani cizo ne.

Duk inda ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ka ɗauke hannu. Kada ka doke shi don ya yi gurnani, domin karen da aka hana gargaɗi shi ne wanda wata rana zai yi cizo babu sanarwa. Idan kuma wuri guda ne kullum yake zabura in an taɓa, akwai ciwo a nan, sai a kai shi a duba.

Lokutan da ba a yin tausa

Ba a yi wa karen da ke zazzaɓi tausa. Zafin jikin lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗan ɗoriya, wanda ya fi namu, amma idan ya yi laushi, ya ƙi abinci, kunnuwansa sun yi zafi rau, magani yake buƙata. Ba a murza buɗaɗɗen rauni, ko kumburi mai zafi, ko inda ake zargin karaya ko gocewar ƙashi, ko ƙarin da ba a san asalinsa ba. Ba a taɓa cikin karya mai ciki. Karen da gashinsa ke zubewa yana susa ba dare ba rana wataƙila ƙazuwa ce ko makero, kuma dukansu suna iya kama mutum.

Saran maciji na buƙatar jan kunne na musamman. Idan kububuwa ko kasa ko gamsheƙa ta sari kare a daji, murza wurin yana ƙara yaɗa dafin ne. A ɗauke shi, a hana shi motsi, a nufi inda za a sami taimako.

Haka nan zafin bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana kan kai digiri 40 a wannan yanki. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi. Idan ya faɗi yana haki mai tsanani, harshe waje, yana tangaɗi, a kai shi inuwa a riƙa zuba masa ruwa mai sanyi a jiki, a ba shi kaɗan-kaɗan ya sha. Wannan ba lokacin tausa ba ne.

Abin da ba a shafawa, da abin da ba a bayarwa

Hannu kaɗai ya isa. Duk abin da aka shafa wa kare sai ya lashe shi, saboda haka man zafin da muke shafa wa kanmu bai dace da shi ba, sinadaran cikinsa na iya zama guba a cikinsa. Idan hunturu ya tsattsage masa tafin ƙafa, ɗan man kaɗanya kaɗan ya wadatar.

A yankin noman auduga da masara kusan kowane gida akwai ragowar maganin feshi, kuma wasu kan yi amfani da shi, ko fiya-fiya, ko kalanzir, ko baƙin mai, don kashe kaska da ƙuma. Waɗannan suna shiga ta fata, suna iya kashe karen, suna kuma cutar da yaran da ke wasa kusa da shi. Akwai magungunan kaska da aka yi musamman don karnuka a shagunan maganin dabbobi. Kazalika ba a ba kare ƙwayoyin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen da diclofenac, domin suna huda masa ciki su lalata ƙoda.

Kafin hannu, allura

Duk abin da aka faɗa a sama ya shafi karenka ne, wanda ka sani, wanda aka yi wa rigakafin ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo na kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 99 cikin 100 daga kare ake ɗauka. Kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke rutsawa da su yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi.

Ana yi wa kare allurar daga wata uku da haihuwa, a riƙa sabuntawa duk shekara. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana haɗa rigakafin, akwai asibitocin dabbobi na gwamnatin jiha, ga kuma Asibitin Koyarwa na Likitancin Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ga matsalolin da suka fi ƙarfin na kusa. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, ciwon kan daina yawo a tsakaninsu. Ƙungiyar mafarauta da ta haɗa karnukanta rana guda ta kira malamin dabbobi, ta yi wa gari duka aiki.

Ciwon na tafiya ne ta yawu, ko ta cizo ko ta shiga wani rauni. Mai yanka ko faso a hannu ya bari ya warke kafin ya taɓa bakin kare. Karen da halinsa ya sauya ba dalili, yana dalalar da yawu, yana cizon itace da ƙasa, ko muƙamuƙinsa ya saki, kada kowa ya kusance shi ko da shi ne mafi soyuwa a gida. Wanda aka ciza kuwa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya tsaya jiran gani.

Me addini ya ce?

Wannan tambaya ce da ke zuwa zuciyar duk Musulmi. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo idan an ambaci sunan Allah. Hadisai ingantattu sun yi rangwamen ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona, sun kuma yi gargaɗin raguwar lada ga mai ajiye shi ba tare da irin wannan buƙata ba. Malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan idan buƙatar ta tabbata. A mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a ƙasar Hausa, jikin kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sha a ciki sau bakwai kuwa bin umarni ne. Shafi'iyya da Hambaliyya suna ganin najasa ne. Kowace fahimta mutum ya bi, wanke hannu da sabulu bayan an gama wajibi ne ta fuskar lafiya.

Abin da babu saɓani a kansa shi ne haƙƙin dabbar da ka ajiye. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da Allah Ya gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya ɗauki kare ya sa shi aiki, ya ɗauki nauyin cinsa da shansa da lafiyarsa.

Saboda haka ga yadda ya kamata a jera abubuwan: allurar rigakafi ita ce ta farko, sai abinci mai ƙosarwa da ruwa mai tsabta, sai maganin tsutsar ciki da na kaska, sai busasshen wurin kwana mai inuwa. Tausa na zuwa ne a kan waɗannan, kuma ita ce ke sanar da mai kare da wuri idan ɗaya daga cikinsu ya gaza. An ce karen bana shi ke maganin zomon bana, amma karen da ake duba jikinsa zai kai baɗi da baɗin baɗaɗa yana kan aikinsa.